Simone Hicks: Ɗalibar da Ta Koma Fili Bayan Ta Yi Tuntuɓe

Wannan makon za mu duba wani wasan kwaikwayo na talabijin daga Amurka mai suna All American: Homecoming. Tashar The CW ta fara nuna shi a 2022, aka kammala a 2024 bayan zango 3. Wadda ta ƙirƙiro shi, Nkechi Okoro Carroll, 'yar asalin Najeriya ce.

Tauraruwar labarin ita ce Simone Hicks, wadda Geffri Maya ta fito a matsayinta. Baƙar fata ce daga yankin Los Anjelis, gwanar wasan tanis. Ta haihu tun tana sakandare, ta ba da ɗan riƙo ga wasu iyayen, ta kuma daɗe ba ta taɓa wasa ba. Da ta shiga Jami'ar Bringston a birnin Atlanta, sai ta tarar babu mai ɗaga mata ƙafa. Ga karatu, ga atisaye, ga kewar ɗanta, kuma dole ta sake nuna ta cancanci gurbi a ƙungiyar makaranta.

Bringston ƙirƙirarriya ce, amma irinta na nan da gaske. A zamanin wariyar launin fata, jami'o'i da dama a Amurka ba sa karɓar baƙaƙe, shi ya sa aka kafa musu nasu. Ta farko, Cheyney, an kafa ta a 1837. Yau akwai kusan 100, ciki har da Spelman ta mata zalla a Atlanta. A irin wannan makaranta, launin Simone ba abin kallo ba ne. Ƙoƙarinta kawai ake aunawa.

Akwai kuma 'yar uwar mahaifiyarta, Amara Patterson, malamar aikin jarida a jami'ar. Ita ta bankaɗo maguɗin karatu da ake yi don 'yan wasan ƙwallon gora na makarantar, duk da ta san za ta sha tsangwama. Mu 'yan kulob ɗin jarida, wannan ya shafe mu kai tsaye.

Tambayar da wasan ya bar mana ita ce: idan ɗaliba ta yi kuskure ko ta bar makaranta na wani lokaci, sai ta dawo aji, kujera za mu ba ta ko gori? Malamai da ɗalibai, amsar na hannunmu.