Matafiyi, Fara da Dala

Idan ka taso daga Kaduna ko Zariya a mota, ka wuce Kwanar Dangora, ka wuce Kura, ka shigo ta Na'ibawa, sabuwar Kano ce za ta fara tarbarka: gidajen mai, da gadoji, da 'yan adaidaita sahu masu kutsawa duk inda kan keke ya shiga. Haka abin yake ga wanda ya biyo ta Wudil daga gabas, ko ta Bichi daga Katsina. Matafiya da yawa iyakarsu ke nan. Su sari kaya a Kantin Kwari, su kwana, su juya, su ce sun je Kano. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai a tsakiyar wannan hayaniya akwai tsohon birni da wuni guda ya isa ka zaga manyan wurarensa, in dai ka san da wanne za ka fara. Kada ka raina wannan jeri, domin kowane wuri a cikinsu shi ne sanadin wanda ya biyo bayansa.

Ka fara da Dutsen Dala, kuma ka yi sammako kafin rana ta buɗe. Lungunan da ke kewaye da shi matsattsu ne, don haka ya fi maka sauƙi ka ajiye mota inda ka amince da shi, ka hau adaidaita sahu. An yi wa dutsen matakala, hawan kuma bai fi ƙarfin mai lafiya ba, ko da yake za ka ji a gwiwa. Da ka kai sama, ka huta tukuna, sannan ka yi wa kanka tambayar da komai ya rataya a kanta: me ya sa aka yi gari a nan, ba can gaba ba?

Amsar farko tana ƙarƙashin ƙafarka. Dubi launin dutsen, ja ne mai duhu. Irin wannan dutse yana ɗauke da tama, wato ƙasar da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Masu binciken tarihi ta hanyar tono sun gano alamun narka tama a gindin Dala da suka kai wajen ƙarni na 7. Inda ake samun ƙarfe kuwa akwai fartanya, akwai gatari, akwai kibiya, wato noma da farauta da kariya sun samu. Ƙara da tudun da mutum zai hango maƙiyi tun daga nesa, da rafin Jakara da ke bi ta ƙasa, ka ga dalilin zama ya cika. Labarin baka ma ta nan ya bi: ana cewa wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama, ya zauna a nan.

A nan ya kamata ka koyi wata dabara da za ta yi maka amfani har yamma. Shaidun tarihin birni irin wannan iri 3 ne: abin da ƙasa ta ɓoye aka tono, abin da malamai suka rubuta, da abin da kakanni suka faɗa wa jikoki. Kowanne da inda ƙarfinsa yake. Tono yana faɗin zamani amma ba ya faɗin suna. Labarin baka yana riƙe suna da dalili, amma shekaru sukan cakuɗe masa. In biyu suka haɗu a kan magana ɗaya, kamar yadda suka haɗu a kan ƙarfen Dala, to ka riƙe ta da kyau.

Gwada dabarar a kan Barbushe, wanda ba za ka sauka ba sai wani ya ambata maka shi. Rubutaccen tarihin sarakunan Kano, wanda aka tattara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, ya kawo shi a matsayin ƙaƙƙarfan maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, kuma shugaban bautar Tsumburbura. Ba ya saukowa daga dutsen sai lokacin biki, mutane su taru da baƙin bunsuru da baƙar kaza da baƙin kare, ya shiga wurin bautar shi kaɗai, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi, har da zuwan baƙon da zai mulke su. Zancen giwa a ka, ka bar shi a matsayin adon labari. Abin da ya rage bayan ka cire adon shi ne na ƙwarai: tun kafin sarauta akwai jama'a mai tsari a nan, mai shugaban addini, kuma sarauta daga waje ta zo ta same su. Wannan baƙo shi ne Bagauda, wanda littattafan makaranta ke cewa ya hau mulki a 999. Ka san yadda aka samo wannan shekara? Tarihin ya faɗi tsawon mulkin kowane sarki ne, sai aka yi ta lissafi ana komawa baya. Saboda haka ka ɗauke ta a matsayin kimantawa mai kyau, kada ka yi rantsuwa a kanta.

Har gobe Dala bai rasa masu hawa ba. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, dutsen kan cika maƙil da yara da 'yan mata cikin kwalliya. In tafiyarka ta dace da ranar, ka ga biki, amma ka manta da zancen hawa cikin natsuwa.

Kafin ka sauko, miƙa ido nesa. Ga Goron Dutse can, abokin Dala. Ga hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a, kusa da fada. Abin da zai yi maka wuyar hangowa shi ne ganuwa, don gine-gine sun shanye ta, amma ita ce mataki na biyu. Mutanen da suka tara ƙarfe da hatsi sun tara abin da wasu za su yi kwaɗayi. Sarki Gijimasu, wanda aka ce ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, aka ƙarasa a zamanin Tsaraki. Daga baya an faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, aka sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Ka san gidan gandu: duk ɗan da ya yi aure sai a tura katanga gaba a yanka masa sashe, har gidan ya koma unguwa, amma tsohon sashen maigida yana nan a ciki. Haka ganuwar Kano ta girma, Dala na nan a tsohon sashe.

Abu biyu game da ita sukan ba baƙo mamaki. Na farko, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. An bar gonaki masu faɗi a ciki da gangan, don in maƙiyi ya yi wa birni zobe, mutane su noma abin da za su ci, mutanen ƙauyuka kuma su sami wurin fakewa da dabbobinsu. Na biyu, kududdufan da za ka gani jefi-jefi cikin birni ba haka kawai suka samu ba. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka yi tubali aka gina ganuwa da gidaje, damina ta zo ta cika ramukan. An cike da yawansu yanzu an yi gini a kai, abin da ya sa ruwan sama ke rasa inda zai tafi a wasu unguwanni.

Gaskiya ita ce ganuwar ta sha wahala. Wani wurin ta zaizaye ta koma tudu, wani wurin an ɗebe ƙasarta, wasu ƙofofin kuma an rushe su an sake ginawa da siminti don titi ya samu faɗi. Tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, amma sanya suna a takarda ba ya yaɓe katanga, kuma ginin ƙasa in ba a yi masa yaɓe bayan damina ba, tafiya yake yi. Duk da haka, bi titin da ya taso daga Ɗan Agundi ya nufi Kabuga, za ka wuce Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya, ka ga ragowar da za ta nuna maka kaurinta. Ka tuna cewa a da kowace ƙofa da sarkinta, ana rufe ta da dare, matafiyin da ya makara kuwa a waje zai kwana.

Yanzu birni ya sami kariya. Me ke biyo bayan kariya? Fatake. Ba mai kawo dukiyarsa inda za a ƙwace. A zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da ciniki da Musulunci, kuma unguwar Madabo har yau tana tinƙaho da wannan gado na malanta. Amma wanda ya ba birnin siffar da kake gani shi ne Rumfa, 1463 zuwa 1499. Shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, a zamaninsa aka shigo da kakaki da figini, aka tsara majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa ne kuma Shehu Maghili, malamin nan na Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya sauka Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda sarki Musulmi zai yi mulki. Mutanen unguwar Sharifai suna danganta kansu da shi.

Don ka ga wannan zamani da idonka, je Gidan Makama, daura da fada. An ce nan Rumfa ya zauna lokacin yana riƙe da sarautar Makama, yanzu kuma gidan tarihi ne. Kayan da ke ciki suna da kyau, amma ni dai ginin ya fi ɗaukar hankalina. Ɗaga kai ka dubi rufin soro, yadda aka lanƙwasa bakan gizo da azara da ƙasa ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Taɓa bangon ka ji sanyinsa da tsakar rana. Kaurin ƙasar ne ke shanye zafi a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi. Fadar kuwa gidan mutane ce, ba wurin yawon buɗe ido ba. Ka tsaya a filin Ƙofar Kudu ka kalla, kada ka ɗaga waya kan dogarai sai ka nemi izini.

Daga nan sai Kurmi, kuma da ƙafa ake shigarta. Rumfunan a matse suke, kowane layi da sana'arsa: dukawa da kayan fata, masu linzami da sirdi, masu turare, masu tsofaffin kuɗi da tasoshin tagulla. In an ce maka kaza, ka taya, ba rashin kunya ba ne. Yayin da kake zagayawa, saurari sunayen unguwannin da ke kewaye: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna. Kowace tana gaya maka daga ina baƙi suka zo. Ayarin raƙuma ya kawo gishiri da kanwa daga arewa, ayarin jakuna ya ɗauko goro daga Gwanja a ƙasar Ghana ta yau. Kada kuma a ɓoye maka, a wannan kasuwa an sayar da bayi, kuma guminsu na cikin arzikin da ya gina birnin.

To me Kano ke bayarwa a madadin abin da ake kawo mata? Amsar tana marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa a 1498. Zauna kusa da marini ka kalli aikin, don ya fi kowane bayani. Rami ne mai zurfi kamar rijiya, a zuba ruwa da toka da baba da katsi, a bar su kwanaki su ruɓa. Marini ya tsoma ƙyalle, ya ɗago. Lura da kyau a nan: ƙyallen zai fito da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gabanka. Iskar ce ke kama launin, shi ya sa ba a jiƙa shi a tafi, sai dai a yi ta tsomawa ana ɗagowa, gwargwadon duhun da ake so. Zanen da ke jiki kuwa yawanci mata ne ke ƙulla shi a gida da zare, inda aka ƙulle rini bai shiga. Daga nan sai wajen 'yan bugu, su yi ta dukan tufa a kan gungume har ta yi sheƙi. Wannan tufa ce Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya tarar ana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yau ramuka da yawa sun bushe, atamfar kanti ta ci kasuwar, don haka in ka ɗauki hoto ka sayi ko da ɗan ƙyalle ne.

Saura mataki ɗaya, shi ne yadda birni ya tsallake ganuwarsa. Jihadi ya kawar da Sarki Alwali a 1807, daga 1819 kuma Ibrahim Dabo ya kafa gidan da ke sarauta har yau, amma duk wannan bai fitar da birnin daga cikin ganuwa ba. A watan Fabrairun 1903 ne sojojin Ingila suka fasa ta wajen Kabuga da manyan bindigogi, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Turawa ba su zauna cikin birni ba, suka kafa nasu wurin a waje, ta gefen Nasarawa. Can za ka sami Gidan Ɗan Hausa, gidan ƙasa da Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a 1909. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, su Alhassan Ɗantata suka jera buhuna dala-dala kusa da tasha, Sabon Gari ya cika da mutanen kudu, Fagge ta bunƙasa. Kayan da a da ke fuskantar Sahara suka juya suka fuskanci Legas. Wannan ce Kanon da ta fara tarbarka da ka shigo.

In ranar Juma'a ce, ka gama da wajen fada da masallaci kafin azahar, don hanyoyin kan toshe. In kuwa Katsina ko Maraɗi ka nufa, kada ka bari magariba ta same ka a Ƙofar Ruwa. Ka fita da sauran rana, ka ɗan tsaya a Dawanau, babbar kasuwar hatsi, ka ga tireloli na lodin gero da wake da riɗi, wasu za su kudu, wasu za su tsallaka Nijar.