Takardun kama aiki: abin da doka ta ɗora wa ma'aikaci da mai kamfani

Samun takardar ɗaukar aiki a Nijeriya ba ya nufin albashi zai fara shiga nan take. Sau da yawa sabon ma'aikaci kan shafe watanni ba a biya shi ba, domin kawai takardunsa ba su cika ba, ko kuma sun saɓa wa juna.

Akasarin ma'aikatu kan nemi takardun shaidar karatu, da ta haihuwa ko ta rantsuwar kotu game da shekaru, da ta lafiya daga asibiti. Wanda ya gama jami'a sai ya nuna takardar kammala hidimar ƙasa, wadda aka soma a 1973, ko takardar da ta yafe masa ita. A aikin gwamnati akan ƙara da shaidar ƙaramar hukumar da mutum ya fito.

Bayan waɗannan akwai lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014. A nan ne aka fi samun cikas. Idan takarda ɗaya ta ce Muhammad, wata ta ce Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta, rajistar fansho da biyan albashi na iya tsayawa har sai an gyara. Saboda haka ya kamata ma'aikaci ya daidaita sunansa tun kafin ranar kama aiki.

Shi ma mai kamfani doka ba ta ƙyale shi ba. Dokar Ƙwadago ta wajabta masa bai wa ma'aikacin da take karewa sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3 da fara aiki. Dokar Fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta tanadi cewa ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai kamfani kuma kashi 10. Ma'aikacin ne ke zaɓen kamfanin da zai riƙe masa asusun. Tilas ne a tura kuɗin cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi, in ba haka ba akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ba a tura ba a kowane wata.

Haka kuma harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikacin kamfani, hukumar harajin jihar da yake zaune ake miƙa wa, ba jiharsa ta asali ba.

Kamfanin da ya miƙa wa sabon ma'aikaci jerin takardun da ake bukata tare da takardar ɗaukar aiki, ya kuma tantance su a makon farko, ya tsare kansa daga tara, ya kuma tsare ma'aikacin daga fara aiki da cin bashi.