Sassaƙen Melanesiya, kayan Nok da aron da zai ƙare a 2027

Gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu a Kaduna, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, yana ajiye da sassaƙen itace da mutum-mutumin yumɓu na Nok. Sai dai biyu daga cikin kayan Nok da suka fi tayar da ƙura a duniya suna Paris, a hannun gidan tarihi na Quai Branly, wanda kuma ke riƙe da tarin sassaƙen tsibiran Melanesiya na tekun Pasifik. Yadda kowannensu ya isa can ya sha bamban.

A arewacin tsibirin New Ireland na ƙasar Papua New Guinea, masassaƙa kan fitar da siffar mutum daga itace mai laushi, tsuntsaye da kifaye da macizai sun nannaɗe ta. A shafe ta da ja da baƙi da fari, a sa mata idanu daga murfin dodon koɗin teku. Sunan wannan aiki malagan, kuma don bikin rufe zaman makoki ake yin sa. Da an watse, sai a ƙone shi ko a bar shi ya ruɓe a daji. Abin da dangi ke gada shi ne haƙƙin sake sassaƙa siffar, ba itacen ba.

Wannan ce ƙofar da 'yan kasuwar Turai suka samu. A zamanin mulkin Jamus, daga 1884 zuwa 1914, sun kwashi dubbai. Shi ya sa muhawarar mayar da malagan ke da sarƙaƙiya: an saya, amma a ƙarƙashin mulkin mallaka.

Batun Nok ba shi da wannan ruɗani. Dokar Najeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. Duk da haka Faransa ta sayi guda biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato daga wani dillali a Beljiyam, kuma a 2000, zamanin Shugaba Jacques Chirac, aka baje na Nok a Louvre tare da sassaƙen Pasifik. Masana suka yi ca. A 2002 Faransa ta amince kayan mallakar Najeriya ne, gwamnatin Obasanjo kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Ciniki ne da ya fi yi wa mai saye daɗi.

Wa'adin zai cika a 2027. Garin Nok yana ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna, amma gwamnatin tarayya, wadda hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke ƙarƙashinta, ita ce ke da ikon sabunta aron ko ta nemi a dawo da kayan.