Ƙurar Asbestos: Cutar da Ke Jiran Shekaru

A Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka da Ingila sun naɗe bututun tururi na jiragen ruwan yaƙinsu da asbestos, domin wuta ba ta cin sa. Sojojin ɗakin inji suka yi ta shaƙar ƙurarsa. Sai bayan shekara 20 zuwa 50 ciwon ya fito: huhu ya taurare, numfashi ya gagara, wasu kuma sankara ta kama su.

Irin wannan asbestos ɗin ke cikin tsohon silin da rufin siminti mai ruwan toka na gine-ginen da. Muddin bai fashe ba, haɗarin kaɗan ne. Magina da kafintoci, don Allah kada ku sa masa zarto ko guduma. A jiƙa shi kafin a cire, a hana yara wasa da ɓaraguzansa.