Ranar Farko a Maraɗi

Idan 'yan makarantar Jama'a suka tashi daga Samaru da asuba, suka bi ta Funtuwa da Katsina, a iyakar Jibiya za a tsai da su a duba takardunsu. Daga nan sai ƙasar Nijar. Wajen la'asar sun isa Maraɗi.

Ba za su ji baƙunta ƙwarai ba, gama Hausa ake yi. Zuriyar sarakunan Katsina na dā ce ta zauna can bayan an ci birninsu a 1807, har yau kuwa Sarkin Katsina ake ce wa sarkin garin.

Kasuwa ce wurin lura. Naira sai an canja ta da sefa, kuma da dala ake lissafi. Dala ɗaya sefa biyar ce. Saboda haka in mai ƙosai ta ce, "Ashirin," kada yaro ya miƙa mata sefa ashirin. Ɗari take nufi.