Hular kwano a hanyoyin rairayi na Bader Goula: iyakar abin da take iya karewa

Wanda ya taɓa zuwa Bader Goula daga Dakoro ya san cewa babur ne motar talaka a wannan yanki. Shi ke kai buhun hatsi kasuwa, shi ke ɗauko mai naƙuda zuwa gidan likita, a kansa ake ɗaure akuya, wani lokaci mutum uku har huɗu su hau shi. Abin da ba kasafai ake gani a kan waɗannan babura ba shi ne hular kwano, wadda mu a nan Nijar muka fi sani da kaske. Idan ka tambayi ɗan kabu-kabu dalili, amsa ba ta wuce uku: zafi, kuɗi, sai kuma wadda ta fi yawa, wato rairayi laushi gare shi, ko an faɗi sai a tashi a kakkaɓe riga. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu ɗaukar hular kamar laya, da zarar sun sa ta sai su murɗa totur iyakar ƙarfinsu.

Duka biyun sun yi kuskure, kuma kuskuren yana fitowa fili idan aka duba aikin da aka ƙera hular ta yi.

Ba ƙoƙon waje ne ke ceton rai ba

Mutane da yawa suna ƙwanƙwasa hula da yatsa, in ta yi ƙara su ce mai kyau ce. Ƙoƙon waje yana da nasa amfani: yana hana tsinin dutse ko kututture huda kai, yana sa kan ya zame a ƙasa maimakon ya kafe. Amma ainihin aikin yana ciki, a wani farin kumfa mai tauri da ake kira polistiren, irin wanda ake tarar da shi a kwalin sabon firji ko talabijin. Kaurinsa a cikin hula bai fi santimita uku zuwa huɗu ba.

Lokacin da kai ya bugi ƙasa, ƙoƙon kai yana tsayawa nan take, ita kuwa ƙwaƙwalwa, da yake tana cikin ruwa, sai ta ci gaba da tafiya ta bugi ƙashi daga ciki. Kumfan nan yana murƙushewa ne sannu a hankali, ya ba kan ɗan lokaci ya tsaya. Lokacin bai kai ƙiftawar ido ba, amma shi ke raba wanda zai tashi da jiri da wanda ƙashin kansa zai tsage. Daga nan ake gane abu biyu. Hular magina, wadda roba ce kawai da igiyoyi a ciki, an yi ta ne don bulo ko guduma da za su faɗo daga sama, ba ta da wannan kumfa, kuma ba ta tsinana wa mai babur abin kirki. Sannan kumfan da ya murƙushe sau ɗaya ba ya komawa yadda yake. Hular da aka taɓa faɗuwa da ita da ƙarfi ta gama aiki, ko da wajenta na sheƙi. Wannan ne ya sa sayen ta gwanjo caca ce, tunda mai saye bai san tarihinta ba.

Gudu nawa take ɗauka?

A nan ne aka fi mamaki. A ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya da Turai ta bi a baya, wadda ake kira ECE 22.05, ana sako hular babur da kan gwaji a cikinta ta bugi maƙera da gudun mita 7,5 a daƙiƙa, wato kilomita 27 a awa. Hular keke kuwa, a ƙa'idar Turai EN 1078, daga tsayin mita ɗaya da rabi ake sako ta, abin da ya yi daidai da kilomita 20 a awa.

Mai karatu zai ce: to in haka ne, ina amfaninta ga wanda ke gudun 60? Amsar ita ce, gudun gaba daban, faɗuwa ƙasa daban. Kan mutumin da ke zaune a babur yana da tsayin kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Ko yana tafiya a hankali ko yana sheƙa gudu, in ya zame ya faɗi a fili, kansa zai sauko daga wannan tsayi ne, ya bugi ƙasa da ƙarfin da bai wuce wanda aka gwada hular da shi ba. Sauran gudun yana tafiya a zamewa da birgima, ya ci fata da tufafi. Irin wannan faɗuwa aka yi hular dominta, kuma tana yin aikinta sosai.

Labari yana sauyawa idan akwai abin da ya tare gaba: gindin gawo, amalanken shanu da ba fitila, gefen mota, ko raƙumi da ya tsallako hanya da magariba. A nan kai yana bugun abin da dukan gudun babur. Ƙarfin bugu kuma ba ya hawa daidai da gudu, ninkawa yake yi: wanda ya tashi daga kilomita 27 zuwa 54 ya ninka ƙarfin bugun sau huɗu. Kumfa santimita huɗu ba zai shanye wannan ba.

Masu bin tseren keke a rediyo za su tuna misalai biyu. A watan Maris na 2003, ɗan Kazakistan Andrei Kivilev ya faɗi a tseren Paris-Nice ba hula a kansa, ya cika washegari. Mutuwarsa ce ta sa hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta wajabta hula ga ƙwararrun ƴan tsere a wannan shekarar. Shekara takwas bayan haka, a watan Mayun 2011, ɗan Beljiyam Wouter Weylandt ya faɗi yana gangarowa daga dutse da gudu mai tsanani a tseren Italiya. Da hularsa a kai, amma bai rayu ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

Babban nazarin da aka fi kafa hujja da shi kan babur shi ne na cibiyar Cochrane na 2008, wanda ya tattara bincike da dama daga ƙasashe daban-daban. Ya samu cewa hula tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. A fassara shi da Hausar kasuwa: cikin mutum ɗari da suka mutu ba hula, wajen arba'in da sun tsira in da sun sa ta. Sauran kusan sittin ɗin kuwa ko da hula da sun tafi, domin wasu ƙirji ne ya kashe su, wasu ciki, wasu wuya, wasu kuma bugun ya fi ƙarfin kowace hula.

Ta ɓangaren keke, wasu masana biyu na ƙasar Ostiraliya, Olivier da Creighton, sun haɗa bincike 40 da ya shafi mahaya fiye da dubu 64 da suka yi haɗari. Sun samu raguwar raunin kai da kashi 51, mummunan raunin kai da kashi 69, raunin fuska kuma da kashi 33 kacal. Wannan na ƙarshen ba abin mamaki ba ne, tunda hular keke ba ta rufe haɓa.

Ga Afirka, waɗannan lambobi ba abin wasa ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na 2023 ya ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kusan ɗaya cikin biyar mahaya babur ne, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da ita ce ta fi ƙarancin motoci.

Batun rairayi

Mu koma ga hujjar ɗan kabu-kabu. Gaskiya ne tudun rairayi mai zurfi ya fi kwalta sauƙi ga kai. Sai dai hanyar daji ba rairayi ba ce duka. Akwai fako mai taurin siminti, akwai marmara, akwai kututturen itacen da aka sare, akwai sawun amalanke da ya bushe bayan damina ya zama kamar bulo. Kuma shi rairayin ne ke kayar da mutum: ƙafar gaba ta nutse, babur ya tsaya cik, mahayi ya wuce ta saman kan babur, kai da fuska a gaba.

Turawa masu wasan keken hawan duwatsu, wanda Faransawa ke kira VTT, sun san wannan faɗuwa sarai, ita ce ta fi yi musu mummunan rauni. Abin da aka koya daga gare su ya shafe mu kai tsaye. Kusan dukansu suna sa hula, amma asibitoci na ci gaba da karɓarsu da karayar kafaɗa, ta wuyan hannu, ta haƙarƙari, wani lokaci ta ƙashin baya. Hula ba ta da hurumi daga wuya zuwa ƙasa. Ba ta kuma hana ƙwaƙwalwa girgiza gaba ɗaya ba, musamman idan kan ya murɗe da sauri lokacin bugu. Shi ya sa sabuwar ƙa'idar ECE 22.06 ta ƙara gwajin bugu a karkace. Masu gangarowa daga dutse da gudu kuwa sun daɗe da komawa ga hular da ke rufe haɓa, don sun ga yadda muƙamuƙi da haƙora ke ƙarewa.

A ganina, hujjar rairayi ta juye da ƙafa sama. A Yamai ko Maraɗi mai babur ya fi fuskantar karo da mota, inda hula ke da iyaka. A daji kuwa yawancin faɗuwa ta mutum shi kaɗai ce, da matsakaicin gudu, wato ainihin wadda aka auna hular da ita. Ƙari a kan haka, nisa. Wanda kansa ya fashe a ƙauyen Bader Goula sai an nemi abin ɗaukarsa zuwa gidan likita, daga can zuwa asibitin gundumar Dakoro, in abin ya fi ƙarfi a wuce Maraɗi, fiye da kilomita ɗari kudu. Na'urar hoton ƙwaƙwalwa da likitocin da ke buɗe kai suna manyan birane ne. Jinin da ke taruwa cikin ƙoƙon kai ba ya jiran wannan tafiya.

Wannan jini yana da yaudara. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashi siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Mutum na iya faɗuwa, ya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo ya yi hira har ya ci tuwo, bayan ƴan awoyi barci ya ɗauke shi ya ƙi tashi. Duk wanda ya bugu a kai sannan ya fara amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko magana ta rikice, ko barci ya yi masa nauyi, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, ko ya yi jijjiga, wannan ba na maɗori ba ne, ba kuma na a bari sai da safe ba. A kai shi likita nan take. Wanda aka tarar kwance da hula a kai, kada a fizge ta: a riƙe kai da wuya a miƙe, sai fa in ba ya iya numfashi.

Doka, rawani da igiyar haɓa

Dokar hanya ta Nijar ta wajabta hula ga mai babur, hukumar kiyaye haɗurra ANISER kuma takan yi faɗakarwa a kai. Amma doka ita kaɗai takan haifar da hular gudun tara. Maƙwabtanmu na Najeriya sun gani a watan Janairun 2009, lokacin da aka fara tilasta sa hula: a Kano wasu ƴan acaɓa suka kifa ƙwarya a kai suka fito titi. An yi dariya, amma hular da ake ɗorawa a kai idan an hango jandarma, a maida ta kan tanki bayan an wuce, ba ta fi ƙwaryar ba.

Zafi gaskiya ne, wanda ya ce ba kome bai taɓa hawa babur da rana tsaka a watan Afrilu ba. Farar hula mai ramukan iska ta fi baƙa sauƙi. Rawani kuwa yana tare ƙura da rana, yana rage ƙujewar fata, amma ƙyalle ba ya shanye bugu yadda kumfa ke yi, kuma in aka ɗora hula a kan naɗi mai kauri ba za ta zauna ba. Abin da ya fi shi ne siririn ƙyalle a ƙarƙashi, wanda kuma ke magance ƙyamar da fasinja ke yi wa hular da kowa ya sa. Fasinjan nan, mace ce ko yaro, shi ne ba ya riƙe da kan babur, ba ya ganin ramin da ke gaba, kuma shi ne aka fi barin kansa a buɗe.

Mai saye a kasuwar Dakoro ko Maraɗi ya fara da sa hannu ciki, ya ɗaga ƙyallen ya taɓa farin kumfan. In babu shi, ko siriri ne kamar kwali, ya ajiye. A jikin igiyar haɓa ake ɗinka alamar gwaji: da'ira mai harafin E da lambar ƙasa, misali E2 ta Faransa, sai dogon lamba da ke farawa da 05 ko 06. Harafin P yana nufin an gwada makarin haɓa, J kuma hula ce mai buɗaɗɗiyar fuska. Ana buga alamar jabu, don haka ita kaɗai ba ta isa ba, amma rashinta ya isa a yi shakka.

Bayan haka sai awo. A sa hular, a ɗaure igiya har yatsa biyu kawai ke shiga tsakaninta da haɓa, a sunkuyar da kai, wani ya kama ta ta baya ya yi ƙoƙarin tuɓe ta gaba. In ta fita a hannunsa, haka za ta fita a iska kafin kai ya kai ƙasa, sai a nemi ƙarama.