Baƙin Cikin Mutuwar Karen Riƙo

A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gida a unguwar Holloway da ke Landan domin karnukan da suka ɓata ko aka yasar. A 1871 aka mayar da shi Battersea, kuma har yau mutane na zuwa can su ɗauki kare su riƙa. Da yawa daga cikin karnukan sun sha yunwa ko duka kafin a tsince su. Wani sai an yi makonni ana lallashinsa kafin ya daina raɓewa a lungu, ya yarda ya ci abinci a gaban mutum. Duk wanda ya yi wannan raino har kare ya sake da shi, ranar rabuwa ba ta zo masa da sauƙi. Ga shi kuma yawancin karnuka shekara 10 zuwa 13 suke yi a duniya, wanda aka ɗauko da girmansa kuwa zamansa a gidan mai riƙonsa ba ya tsawo.

Wannan shaƙuwa tana da tushe a jiki. A 2015 masu bincike a Jami'ar Azabu ta Japan sun nuna cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin yakan ƙaru a jikin kowannensu, sinadarin da ke ƙarfafa shaƙuwar uwa da jaririnta.

Abin da ke ƙara zafin rashin shi ne babu mai zuwa ta'aziyya. Sai dai a ce wa mutum, "Kare ne fa, ka samo wani." Masanin Amurka Kenneth Doka ya yi rubutu a 1989 kan irin wannan baƙin ciki da jama'a ba su ɗauka a bakin komai ba, mai shi ya haɗiye shi a ɓoye. Domin irin waɗannan mutane ne ƙungiyar Blue Cross ta Birtaniya ke da layin waya na sauraron waɗanda dabbarsu ta mutu.

Mu ma mun san mafarauci da makiyayi ba sa wasa da karensu. Kuma a Sahihul Buhari an ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Idan shayarwa sau ɗaya ta kai haka, bai dace a yi wa wanda ya ciyar da yasasshen kare shekaru dariya don ya zubar da hawaye ba. In ka tarar da shi cikin jimami, ka ba shi haƙuri kamar yadda ake ba duk wanda ya yi rashi.